Mai Saiwa Ba Ya Shiga Asibiti

Laraba, 11 ga Yuni, ƙarfe shida da rabi na safe

Ɗari huɗu da goma sha biyu. Sau biyu na ƙirga su da safen nan, har wuyana ya ƙage don kallon sama. Shekara arba'in da uku ina auren Tetsuji, shekara arba'in da uku yana hana ni shiga rumfar nan ta bayan gida, yau ga ni tsaye a tsakiyarta da takalminsa na roba a ƙafata, ban san ta inda zan fara ba.

Shinobu! Tsiron da ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba a miya da shi. Ganye ne kawai sirara kamar leshi, da wata saiwa mai gashi-gashi da ke rarrafe a fili. Mutumin nan zai naɗe gora da gansakuka, ya ɗaure saiwar a kai da wayar tagulla, ya rataya, sannan ya zauna jiranta shekara huɗu ko biyar kafin ta isa sayarwa. Nawa aikin in ɗaura 'yar ƙararrawar gilashi a ƙasa idan zafi ya shigo, in yi wa masu saye murmushi. Ruwa kuwa ko sau ɗaya bai taɓa bari na ba su ba. Da na leƙo zai ce, "Ke, fita, za ki taɓa min." Ke ɗin nan shi ne sunana a gidan nan. Mitsue sai a bakin maƙwabta.

Yau kwana takwas da abin da ya faru ranar Talata. Yana asibiti, hawa na biyar. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Littafin nan ma nasa ne. Na ɗauko shi a kan kanta cikin rumfa ina murna, na ce yauwa, ga inda ya rubuta yadda ake yi. Na buɗe. "Hadari. Na duba." Washegari kuma, "Rana. Na duba." Haka har shafi sittin. Ka duba me, tsohon nan? To sauran shafukan sun zama nawa, tunda ya bar su.

Abu ɗaya na sa a gaba: ya dawo ya tarar da su da rai. Ba zan bari ya samu abin faɗa a kaina ba.

Alhamis, 12 ga Yuni, da hantsi

Na tuna ina hango shi ta tagar kicin a watan Agusta, riƙe da tiyo safe da yamma. To ashe abin ba wani sihiri ba ne. Na jawo tiyo na yi musu wanka tas, kowanne sai da ya ɗiga. Da yamma zan sake.

Damina ta kankama, iska tana ta kaɗa su suna karo da juna. Na sauke labulen ledar da ke naɗe a gefen rumfar, duka kusurwa huɗu, na ɗaure tam. Yanzu ko sauro ba zai shiga ba. Shi da ya bar ledar a naɗe ruwa yana dukansu, ko me yake tunani, oho.

Juma'a, 13 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya Fusae ta zo. Yayar Tetsuji ce, shekararta saba'in da takwas, kuma har yau tana shigowa gidan nan kamar jiya ta fita daga cikinsa. Ta kawo awara da dafaffen kabewa, ta buɗe firjina ba ta tambaya ba.

"Mitsue, me kike ci?"

"Ina ci, Yaya."

"Ina gani. Rabin lemo da miyar shekaranjiya. Haka kika riƙa ciyar da ƙanina?"

Na zuba mata shayin sha'ir. Ta je gaban akwatin kakanni ta kunna turare, ta daɗe tana yi wa hoton marigayiya mahaifiyarsu magana ƙasa-ƙasa, amma na ji sunana sau biyu. Da za ta tafi ta leƙa rumfa ta ce, "Wannan wari fa?" Na ce warin damina ne. Mace ba ta taɓa shuka ko albasa ba, amma hancinta ya fi na kowa.

Asabar, 14 ga Yuni, da yamma

Ruwa. Bas. Hawa na biyar. Bas. Ruwa.

Litinin, 16 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Layin da ke kusa da katanga ya fara yin rawaya. Ba sosai ba, bakin ganyen ne kawai. Ƙishirwa ce, na ƙara musu.

Ritsuko ta bugo waya daga Nagoya jiya. 'Yata ce tilo, kuma tun tana makarantar firamare take min magana kamar ita ta haife ni.

"Mama, kina shan maganin hawan jininki?"

"Ina sha."

"Me likita ya ce game da Baba?"

"Ya ce a ci gaba da gani."

"Mama, ba haka ya gaya min ba."

Yo tunda ya gaya miki, me kike tambayata? Na ce mata tukunya tana ƙonewa, na ajiye wayar. Babu tukunya a wuta.

Laraba, 18 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Ya ci cokali huɗu na kunun shinkafa. Na biyar ya kau da kai. Nas ɗin ta ce jiya ma ya ƙi tashi wurin motsa jiki, sai kallon silin yake yi. Na ce mata ai taurin kai ba jiya ya fara shi ba.

Da ta fita na matso kusa da kunnensa na ce, "Baban Ritsuko, sau nawa kake ba su ruwa? Ɗaga min yatsa kawai, da hagun da ke motsi." Ya juyo ya dube ni. Ya buɗe baki, ya yi ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta miƙe. Abin da ya fito ba zan rubuta shi ba.

Na share masa haɓa. Na kwaso wankinsa na taho. A bas wata mata ta tashi ta ba ni kujera, abin ya ba ni haushi, ban san dalili ba.

Juma'a, 20 ga Yuni, ƙarfe shida na safe

Bakwai sun mutu. Ganyen ya zube, saiwar ta yi baƙi, da na taɓa sai ta narke min a yatsa. Kai, haba! Me ban yi muku ba? Safe da yamma, har da tsakar rana yanzu, gwiwata tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na kare ku daga iska, na kare ku daga ruwan sama. Ko Ritsuko tana jaririya ban yi mata wannan bautar ba.

Na kai wa surukata shinkafa gaban akwatin kakanni, na ce mata, "Inna, ke kika haifi mutumin da bai iya buɗe baki ya koya wa matarsa komai ba. Ga sakamakon." Hotonta yana ta kallona da wannan bakin nata a tsuke. Na ɗan juya shi ya kalli bango, daga baya na ji kunya na mayar.

Gawarwakin na ɓoye su a bayan tankin ruwa. Ban san wanda nake ɓoye wa ba.

Lahadi, 22 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Raina a ɓace yake.

Na ɗauki hotunansu a waya na kai masa. Karon farko tun ranar Talatar nan da na ga idonsa ya tsaya a kan abu. Ya karɓi wayar da hagu, ya kawo ta daf da fuska. Sai ya sa babban yatsa yana danna gilashin, yana dannawa da ƙarfi, daidai kan gansakukar. Ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya ture wayar ta faɗi kan bargo, ya juya fuska bango. Hoto ba zai yi ba. Sai ya taɓa, sai ya ji warinsa.

Yaya Fusae tana wurin. A baranda na ce mata gobe zan kawo masa guda ɗaya ƙarami ya duba. Tabɗi! Sai ka ce na ce zan kawo masa likkafani.

"Kin haukace ne, Mitsue? Mai saiwa? A asibiti?"

"Minti biyar kawai, Yaya."

"Ko minti ɗaya. Ke yarinya ce? Ba a kai wa mara lafiya abin da ke da saiwa, sai ya yi saiwa a gadon ya ƙi tashi. Wa ya raine ki da ba ki san wannan ba?"

"Na sani."

"Shi kuwa wannan abin naku ba shi da komai sai saiwa. Saiwa ce tsagwaronta a rataye. So kike ki dasa min ƙani a hawa na biyar?"

"Suna mutuwa, Yaya."

"Su mutu mana! Su ne ƙanina?"

Na sani, ai na sani. Ni kaina da maƙwabciyarmu ta kwanta bara, yankakken fure na kai mata, kuma sai da na zaɓi launi. Amma aikin shekara biyar ne yake ruɓewa a hannuna, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san abin da ke damunsu.

Talata, 24 ga Yuni, da tsakar rana

Na tambayi nas a asirce. Ta sunkuyar da kai ta ba ni haƙuri sau uku, ta ce doka ce, ba ƙasa, ba gansakuka, a hawan nan ko yankakken fure ba a yarda ba. To an haɗu, Yaya Fusae da hukuma.

Na hau keke na je shagon masu sayar da shuke-shuke. Mai shagon, wani mai sanƙo da ya san Tetsuji, ya ce, "Ai sauƙi gare shi, uwar gida. Ki taɓa gansakukar, in ta bushe ki ba su ruwa." Na gode, malamin malamai. Ai taɓawar nake yi. Kafin rana ta take, bayanta ya bushe ƙayau, in ba su, su ƙara mutuwa. Ya tambaye ni jikin maigidan, na ce da sauƙi.

Kowa da sauƙi nake ce masa. Na gaji da kalmar nan.

Alhamis, 26 ga Yuni, da safe

Talatin da ɗaya. Bayan tanki ya cika.

Asabar, 28 ga Yuni, ƙarfe uku na yamma

Ritsuko ta zo za ta kwana biyu. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta fito da tef ɗin awo. Ta auna ƙofar banɗaki, ta auna dakalin shiga gida, ta tsaya ƙasan matakala tana kallon sama tana girgiza kai. Ta ajiye min wasu takardu masu hoton tsofaffi suna dariya a lambu. Na ɗora tukunyar shayi a kansu.

"Mama, ya kamata mu yi magana."

"Muna yi ai."

"Kin rame. Ƙarfe biyar kike tashi saboda ciyawa."

"Ciyawar ce ta kai ki jami'a."

"Na sani. Amma ko sun rayu, wa zai..."

Ba ta ƙarasa ba, don na miƙe na fita. Na shiga rumfa na tsaya cikin zafin nan da warin nan, gumi yana bin bayana. Ta biyo ni har bakin leda amma ba ta shigo ba, ita ma korar ta babanta ya yi ta yi tun tana rarrafe. Ta ce, "Mama, ki yi haƙuri." Na ce ta je ta dafa mana taliya, kuma kada ta cika gishiri yadda ta saba.

Litinin, 30 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Hamsin da takwas.

Ga kuma wani sabon wulaƙanci. Na je shanya a gefen kicin, na ɗaga kai, sai ga guda ɗaya a rataye ƙarƙashin indararo, bayan sandar shanya. Ban taɓa lura da shi ba, ban sa shi cikin ƙirga ba, ko ɗigo ban ba shi ba tun da aka fara. Kore shar! Ganye ya yi masa yawa har yana taɓa bango. Wato wanda na manta da shi shi ne mai ƙoshin lafiya. Na tsaya ina kallonsa da rigar Tetsuji a hannu, na ce masa, "Sannu, ɗan gata."

To amma me ke nan? Don ban ba shi ruwa ba ne, ko don feshin ruwan sama yana samunsa dare da rana? Ruwan ne ya yi yawa ko kaɗan ya yi? Na ware layi ɗaya na hana shi ruwa, mu gani. Ashe ɗari huɗu da sha uku ne.

Laraba, 2 ga Yuli, da yamma

Layin da na hana ruwa yana mutuwa. Wanda nake ba wa yana mutuwa. Shi kuma cokali biyu ya ci yau, ya rufe ido tun kafin in tashi.

Na wanke babban tawul. Kada kowa ya yi min magana.

Alhamis, 3 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Na yi. Ni Mitsue, mai shekara sittin da tara, da ko jar fitilar hanya ban taɓa tsallakawa ba, na yi fasa-ƙwauri.

Biyu na ɗauka, ƙanana: ɗaya daga masu rawaya, da ɗan gatan nan na bayan kicin. Na sa kowanne a leda, na naɗe da tawul, na danna ƙarƙashin wankakkun kayan barcinsa. Duk tsawon hanya a bas ji nake kowa jakata yake kallo. A ƙofar asibiti mai gadi ya gaishe ni, na amsa da ƙarfi fiye da kima. Na ce a zuciyata, Inna, ki kau da kai na awa ɗaya.

Na roƙi nas ta taimaka min mu ɗora shi a keken marasa lafiya, na ce zan kai shi saman bene ya sha iska. Akwai benci can da 'yar rumfa, ba kowa sai wani mutum yana waya a ɗaya ƙarshen. Na juya wa mutumin baya, na buɗe jaka, na ɗora masa mai rawayan a cinya.

Wai! Hannun nan na hagu, da yake kwance kamar ba nasa ba, sai ya tashi. Ya ɗauke shi a tafi, bai ko kalle shi ba tukuna, ya ɗan ɗaga, ya sauke, ya ɗan ɗaga. Ya tura babban yatsa can ciki tsakanin saiwoyi, ya matsa, sai ga ruwa baƙi yana bin hannunsa har gwiwar hannu. Ya shinshina. Sannan ya ɗago ya yi min wani kallo. Na san kallon nan, shi yake min in na ƙona kifi.

"To ni na sani ne?" na ce. "Ka taɓa koya min? Shekara arba'in da uku, ke fita, ke fita. Ga shi na shiga."

Ya yi wani sauti, ya nuna jakar da haɓa. Na ba shi ɗan gatan. Ya auna shi a tafi, fuskarsa ta saki ta gefen da take sakuwa. Sai ya kama wuyan hannuna ya juya tafin sama. Ya ɗora min mai rawayan. Nauyi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya ɗauke, ya ɗora min ɗan gatan. Sakayau, kamar ba komai. Ya sake. Ya sake. Sau nawa ban ƙirga ba, har hannuna ya gaji, in na yi motsi sai ya ƙara damƙe ni. Ga gorar ruwana a kan benci. Ya jawo ta ya jingina da ɗan gatan, ya gyaɗa kai. Ya kai ta wurin mai nauyin, ya girgiza kai, ya ture ta ta gangara ƙasa.

Wato bayan gansakukar ƙarya take yi. Bayan ya bushe, cikin yana jiƙe sharkaf. Ba a tambayar ido, ba a tambayar yatsa a sama-sama, ɗagawa ake yi. Wanda ya yi sakayau shi ne mai ƙishirwa. Ni kuwa mako uku ina ɗura wa masu ƙoshi.

Bai gama da ni ba. Ya zaro maficina daga bakin jaka, ya shiga yi wa mai rawayan fifita, yana kallona. Na ce, "Zafi kake ji?" Ya kwaɗa min maficin a hannu. Ya ci gaba da fifita tsiron. Can sai abin ya faɗo min.

"Ledar?" na ce. "Na sauke ta. Duka huɗun. Tun sha biyu ga watan jiya."

Ya rufe ido. Na ɗauka zai yi kuka ne, ashe takaici ne. Ya buɗe baki ya yi ta fama, ya yi ta fama, ni kuma ina cewa ya bari, na gane, zan naɗe ta. Bai bari ba sai da ya fitar da ita sarai, kalmar farko cikin wata guda.

"Ke!"

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Daga nan kuma abin ya juye, sai na ɗauki tawul ɗin na rufe fuska. Mutumin mai waya ya tattara ya bar mana wurin.

Da muka sauko nas ta kalli hannun rigarsa da ya yi baƙi, ta kalli jakata, ta ce, "Iskar sama ta karɓe shi." Da yamman ya cinye kwanon kunu duka, da hagu, ya ƙi in riƙe masa cokali.

Sittin da huɗu zuwa yau.

Juma'a, 4 ga Yuli, da tsakar rana

Na naɗe ledar tun gari bai gama wayewa ba. Iskar da ta shigo har ganyen suka yi ta rawa. Na naɗe tiyo na jefa bayan tanki. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗagawa, awa huɗu cur, kafaɗata kamar za ta cire. Tara kawai suka yi sakayau, na tsoma su a bokiti har kumfa ta daina fita, na mayar. Sauran ko ɗigo.

Haka yake yi kullum ke nan, ni ina kicin ina cewa mutumin nan zaman banza yake a rumfa.

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Likita ya kira mu ɗakinsa, ni da Yaya Fusae, Ritsuko kuma ta waya. Ya yi magana mai tsawo da ladabi. Ya nuna hoton ƙwaƙwalwar Tetsuji. Ya ce sun yi iyakar nasu a nan, akwai wani gidan kula da marasa lafiya a bakin kogi da ya fi dacewa. Na tambaye shi na kwana nawa. Ya gyara takardun gabansa.

A baranda Yaya Fusae ta tsaya cak. Ashe matar mai gadon kusa da nasa ta ga ɓurɓushin gansakuka a bargo, ta kai mata rahoto tun shekaranjiya.

"Kin kai masa."

"Na kai."

"Na hana ki, kin kai. Ranar Alhamis kin kai masa saiwa, ranar Litinin ga abin da aka gaya mana. Hankalinki ya kwanta?"

"Yaya, hoton kansa tun watan jiya aka ɗauka."

"Kada ki kawo min ilimi. Kin zaɓi ciyawa."

Ta tafi tana dogara sanda, ba ta ko jira mu hau bas ɗaya ba. Ina da amsoshi goma, duk sai a bas suka zo min. Maganar banza ce, camfi ne, na san camfi ne. Amma na kasa cin abinci, kuma na kasa kallon hoton Inna.

Saba'in da uku.

Laraba, 9 ga Yuli, da hantsi

Yau ake kasuwar haikali, inda muke kai su sayarwa duk shekara. Shekara arba'in da uku ba mu taɓa fashi ba. Ƙararrawoyin suna nan cikin kwali. Saba'in da shida.

Asabar, 12 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Kwana uku ba wanda ya mutu. A layin katanga, inda aka fara, na ga wasu 'yan abubuwa sun ɓullo daga saiwa, a nannaɗe kamar ƙananan dodon koɗi. Sababbin ganye ne. Na sa tabarau na sake dubawa don kada in yaudari kaina.

Hannuna ya fara sani kafin kaina. In na ɗaga, tun kafin in yi tunani na riga na miƙa shi bokiti ko na mayar. Haushin da nake ji yanzu na daban ne. Abin da za a koya wa mutum cikin rabin awa a kan benci, ya riƙe shi shekara arba'in da uku, sai da ya ga dole.

Ɗari uku da talatin da bakwai suna nan da rai. Na gaya masa jiya. Ya lumshe ido sau ɗaya, wai shi yabo ke nan.

Yaya Fusae ba ta zo ba, ba ta kira ba. An dai ajiye kwanon awara a ƙofar gida.

Talata, 15 ga Yuli, da yamma

An mayar da shi. Ɗaki mai taga, ana ganin kogi. Ritsuko ta sa hannu a takardun, ni na ce na manta tabarau.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Na ɗauki ɗaya daga layin katanga, mai sabon ganye, don ya gani da idonsa cewa ba ƙarya na yi ba. Na naɗe shi a tawul kamar wancan karon. Na tarar da Yaya Fusae a ɗakin tana yanke masa farce. Na gaishe ta, ta amsa wa bango. Na ce a raina, yau dai sai dai a yi wadda za a yi, na buɗe jakar a gabanta.

Ya karɓa ya auna a tafi. Ya tura yatsa. Ya shinshina. Ya daɗe yana kallon sabon ganyen. Bai harare ni ba.

Sai ga mai kula da marasa lafiya ta shigo da shayi, na yi wuf zan rufe da tawul. Ta ce, "A'a, uwar gida, bar shi, nan ba asibiti ba ne. Nan ana yarda. Ga ma ƙugiya can saman taga, wanda ya zauna ɗakin nan kafin shi shekara shida yana rataye abinsa a wurin." Ta faɗa da fara'arta, ta fita.

Shekara shida.

Na miƙa hannu na ce, "Kawo, bas zai wuce ni." Ya ƙi saki. Na ja, ya riƙe. Tsoho da hannu ɗaya, amma na kasa ƙwacewa.

"Baban Ritsuko, sakar min. Ba zan bar shi a nan ba. In kana son ganinsa ka taso ka zo gida ka gan shi, akwai ɗari uku da talatin da shida suna jiranka. Ka ji ko? Ka taso ka zo."

Ya kalle ni. Sannan ya ɗaga haɓa ya nuna ƙugiyar. Na yi kamar ban gani ba. Ya sake nunawa, a hankali, ba faɗa, ba harara, kuma wannan ne ya fi ci min rai. Da ma ya daka min tsawa.

Na juya wurin Yaya Fusae. Yau kam ina son bakin nan nata. Na ce, "Yaya, ki gaya masa mana. Ki gaya masa ba a yi. Mai saiwa ne."

Ta ajiye abin yankan farcen a kan tebur. Ta tashi da ƙyar, ta jawo kujera ta kai ƙarƙashin taga, ta riƙe bayanta da hannu biyu.

"Hau, Mitsue," ta ce. "Na riƙe miki."

Na cire takalmi na hau. Ya miƙo min shi da kansa.

Mun dawo bas ɗaya da ita, jakar a cinyata ba komai ciki sai tawul. Ta sauka a tasharta, ta ce in ci abinci. Gobe an ce za a yi rana sosai, sai na fara ɗagawa tun ƙarfe biyar.